Kwano Mai Ɗigo Uku

Duk macen da ta taɓa zuwa suna ko biki a unguwar Abbey Wood ta Landan ta san kwanukan Hajiya Awabu. Ba wai sun fi na kowa kyau ba, langa ce dai irin ta da, mai marfi, wadda ta taho da ita tun daga zangon Kumasi. Abin da ya sa aka san su alama ce. Kun san halinmu mata, in aka kai abinci gidan taro kwanuka kan cakuɗe, mai dogon hannu ta haɗa da na wata ta ce mantuwa ce. Shi ya sa kowa take da shaidarta. Wata ta ɗaura zare a marfi, wata ta rubuta harafin sunanta. Ita Awabu ba ta yi boko ba, sai ta ɗiga jan farce sau uku a gefen kowane kwano, kamar duwatsun murhu. Kuma tana da doka ɗaya da ba ta wasa da ita: kwanonta ba ya kwana a gidan wani har ya saba, sannan ba a dawo da shi wayam. Ko ƙwai ne, ko sabulu, sai an sa wani abu a ciki.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, tun da ciwon ƙoda ya kama ta hannunta ya fara rawa, ba ita ke girkin ba. Ɗanta ne, Masawudu. Duk wake da shinkafar nan mai jan ganye da ake lashe yatsa a kai, duk tuwon zafi da miyar ayoyo da alhazai ke yi wa kabbara a gidan suna, shi ne. Tana zaune a kan kujera a kicin tana ba da umarni, shi yana tuƙi. In an yaba mata a waje ta dawo ta ce, "Yau ma an yabi hannuna, ɗan nema," su yi ta dariya su biyu. Shi ya san gishirin da likita ya yarda ta ci da wanda bai yarda ba. Shi ke raka ta wankin ƙoda can wajen Whitechapel, ya riƙe mata jaka a jirgin ƙasa, ya gyara mata gyale in ta yi gyangyaɗi.

Saurayi ne mai shiru, yana aiki a kicin ɗin wani gidan kula da tsofaffi, ba ya fashin sallah. Sai dai zuciyarsa ba ta taɓa karkata ga mace ba, kuma ya daɗe da sanin haka. Ya yi azumi a kai, ya yi kuka a sujada, abin yana nan inda yake.

Yana da aboki tun na makaranta, Mordecai, ɗan wani fasto, wanda shi tuni aka kore shi daga gida a kan irin wannan. Mordecai ne ya ɗauki kyamara ya ce zai yi ɗan fim, ba na manyan kamfanoni ba, na mutane irinsu su faɗi yadda gidajen addini ke yi da su. Ya yi wa Masawudu alkawari fuska ba za ta fito ba, murya ma za a canza ta.

"Hannunka kawai zan ɗauka," in ji shi. "Ka zo da wani abu daga gida, abin da kake so, ka riƙe kana magana."

Da wani ne da ya ɗauki carbi ko hula. Shi Masawudu, da yake duk rayuwarsa a kicin take, sai ya zubo abincin rana a langar uwarsa ya tafi da ita. A fim ɗin ga hannu biyu sun rungume kwano, ga wata murya kamar ta cikin rijiya tana cewa: ina sallah, ina son Ubangijina, ina son uwata, ban san wanne ake so in ajiye ba. Fuska dai ba ta fito ba. Amma ɗigo uku na jan farce sun fito tar, har sheƙi suke.

An nuna fim ɗin a wani ƙaramin ɗakin kallo kusa da Charing Cross, Turawa suka tafa. Daga nan wani ya yanko guntu ya saka a waya, guntun ya yi ta yawo har ya faɗo cikin group ɗin da matan unguwa ke hira a waya, da rubutu a sama: ku ga abin da ake koya wa 'ya'yanmu. Mata suka yi ta a'uzubillahi. Talatu kuwa, maƙwabciyar su Awabu ta flat ɗin sama, wadda ko allura ta faɗi a unguwar Thamesmead da ke kusa sai ta san mai ita, ba ta saurari muryar ba ma. Ta sa yatsa biyu ta buɗe hoton.

Ba ta iya jiran la'asar ba. Ta sauko da gyalenta a karkace, ta tarar da Alhaji Suleiman, uban gidan, ya dawo daga tuƙin tasi yana shan shayi a falo.

"Alhaji, wallahi ba gulma ta kawo ni ba. Ni dai kwano na gani. Na ce ko sace shi aka yi, gara in zo in faɗa."

Alhaji ya kalli wayar ya daɗe. Shi ne mai jan sallah a ƙaramin masallacinsu in liman ba ya nan, mutum ne da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya ƙwala wa ɗansa kira.

Masawudu ya fito daga kicin da muciya a hannu. Ya ga hoton a wayar. Zai iya cewa aron kwanon aka yi. Uwarsa ma daga bakin ƙofa idonta roƙonsa yake ya faɗi haka. Amma ga tabon ƙunar mai a bayan hannun dama, a fim da kuma a gabansu.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baaba."

"Biyan ka aka yi ka faɗi wannan?"

"A'a, Baaba. Gaskiya na faɗa."

Alhaji bai mare shi ba. Da ya mare shi ma da sauƙi. Ya dubi muciyar kawai ya ce, "Ajiye wannan. Daga yau kar ka sake taɓa abin da za a ci a gidan nan."

Awabu ta ce, "Alhaji, to ni wa zai..."

"Mufeeda tana nan. Ba mace ba ce?"

Mufeeda ƙanwarsa ce, haifaffiyar Landan, mai jin Hausa ta amsa da Turanci, wadda ko ruwan zafi ta ɗora sai ta duba waya ta ga yadda ake yi.

Daga ranar aka ware masa kofi da faranti. Alhaji ya ce ba ƙiyayya ba ce, tsabta ce. Ranar Juma'a da maza ke haɗuwa a tire ɗaya bayan masallaci, aka zuba masa nasa daban aka kai masa ɗaki. Alhaji ya ce don a rufa masa asiri ne, kar baƙi su yi masa tambaya. A masallaci ya shiga sahu, na damansa ya matsa, na hagunsa ya matsa, aka bar shi da fili gefe da gefe, alhali kullum liman sai ya ce a haɗa kafaɗa kar a bar wa Shaiɗan gurbi. Ya idar da sallarsa a haka, kansa a ƙasa. Da aka fito wani dattijo da ya sha cin tuwonsa ya ce masa, da murya mai taushi, gara ya riƙa yin tasa a gida har ƙura ta lafa, don mutuncin mahaifinsa.

Sai aka kawo malamin ruƙiyya daga Woolwich. Malam ya ce aljana ce ta aure shi tun yana ciki, ita ke hana shi ganin mata. Aka zaunar da shi a tsakiyar falo, aka yi ta karatu a kunnensa, ana fesa masa ruwa a fuska, ana bugun bayansa ana cewa fita. Shi dai hawaye kawai yake, don ayoyin duk ya haddace su, yana bi a zuciyarsa. Malam ya ce kukan nan na aljanar ce, ta fara jin wuta, a ƙara zama. Aka ƙara. Masawudu ya rame, wandonsa ya fara zamewa, idonsa ya faɗa. Alhaji ya ce alamar magani na aiki ke nan.

Abin da ya fi cin ransa ba wannan ba ne. Yana ɗaki yana jin Mufeeda tana fama da tukunya, yana jin ƙaurin abin da ya kama. Yana ganin ana kai wa uwarsa abinci daga shagon sayar da abinci, mai gishiri kamar an ɗebo daga teku. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ranar wankin ƙoda ya sa rigarsa zai raka ta, Alhaji ya ce a'a, shi zai kai ta a mota. Ya kai ta sau ɗaya, ya kai sau biyu, rana ta uku ya sami fasinjan filin jirgi, aka fasa zuwa wankin.

Masawudu ya same shi a falo ya durƙusa.

"Baaba, ni ka yi mini duk abin da ka ga dama. Amma ka bar ni in dafa wa Mma. Abincin nan zai kashe ta."

"Rai a hannunka yake? Kai ne za ka koya mini kula da matata? Abin da ke kashe ta shi ne baƙin cikinka."

Ana haka dangin saurayin Mufeeda suka aiko. Ba su ce sun fasa ba, sun ce dai suna so su ga yadda gidan zai yi da lamarin. Alhaji ya gane karatun. Da safe bayan ya karya, ya ce wa ɗansa ya nemi wuri.

"Ba korar ka na yi ba. Ka je ka yi tunani. Ranar da ka tuba, ka tsaya gaban jama'a ka ce ƙarya ka yi, ka kawo yarinyar da za ka aura, ƙofa a buɗe take. Ka tausaya wa ƙanwarka mana. Ita me ta yi?"

Mufeeda tana tsaye a jikin bango tana kuka. "Baaba, I never asked for this," ta ce, wato ita ba ta nemi a yi haka ba. Ba wanda ya kula ta.

Yana haɗa kaya uwarsa ta shigo tana dafa bango. A hannunta langar nan ce, ita dai wadda ta tona asirin. Da kanta ta lallaɓa kicin ta dama kunu, duk ya yi gudaji saboda rawar hannu. Ta ɗaure kwanon a ɗankwali ta miƙa masa.

"Mma, ki yafe mini."

"Ni ban san abin da malamai suka sani ba," in ji ta. "Ban iya gardama da ubanka ba, ban taɓa ba. Abin da na sani, kwanona ne wannan. Ka san dokata."

"Na sani, Mma."

"To. Kar ya saba da gidan wani."

Ya koma kwana a kan kujerar Mordecai a wani ɗaki ɗaya can bayan kasuwar Whitechapel. Mordecai ya yi ta ba shi haƙuri, ya ce zai goge alamar daga fim ɗin. Masawudu ya ce a goge a ina, a idon Talatu? Fim kuwa sai gaba yake yi, ana gayyatar Mordecai nan da can. Sau ɗaya ya ja shi wurin nunawa. Masawudu ya zauna a baya cikin duhu yana kallon hannunsa a bango, ƙato kamar ƙofa. Da aka kunna fitila wata Baturiya ta tashi ta ce abin da ya fi taɓa ta shi ne kwanon, ko a ina ake samun irinsa? Wani kuma ya ce ai addinin ne gaba ɗaya matsalar. Masawudu ya fita ya nemi lungu a bayan ginin ya yi la'asar a kan jakarsa. Can gida an ce ya bar kansa, nan ana so ya bar sallarsa, uwarsa dai ba wanda ya tambaya me ta ci yau.

Yana kiran wayarta ba ta shiga. Ashe Alhaji ya karɓe, ya ce likita ya ce a rage mata damuwa.

Mufeeda ce ta turo masa saƙo a ɓoye, an kwantar da Mma, jikin ya yi tsanani. Asibitin ma ga shi nan kusa da inda yake kwana, da ƙafa ake zuwa. Ya dama kunun gyaɗa marar nauyi irin wanda take iya sha, ya zuba a langar, ya ɗaure da ɗankwalinta. A barandar ɗakin ya tarar da Alhaji da abokansa biyu na masallaci, da Talatu da wasu mata a kan kujeru.

Alhaji ya taso ya tare shi tun kafin ya kai ƙofa.

"Ina za ka?"

"Wurin Mma. Ko daga bakin ƙofa ne, Baaba. Ba zan yi magana ba."

"Ka yi abin da na ce?"

Masawudu ya sunkuyar da kai.

"To ka ga. Matar nan tana gab da haɗuwa da Ubangijinta. So kake abin da za ta gani na ƙarshe ya zama kai, a haka? In kana ƙaunarta ka tafi."

Ɗaya daga cikin abokan ya dafa kafaɗar Alhaji, ba ta yaron ba, ya ce, "Haƙuri, Alhaji, jarrabawa ce." Talatu ta ce, "Masawudu, ka bi maganar mahaifinka, albarka ake nema." Idonta kuwa na kan ƙullin ɗankwalin.

Da ya so da ya kira ma'aikaciyar jinya, ƙasar nan ba a hana ɗa ganin uwarsa. Ya san haka sarai. Amma sai a yi hayaniya, a kira masu gadi, a fitar da ubansa gaban mutane, Mma tana ji daga ciki. Bai taɓa ɗaga wa Baaba murya ba. Ya juya da kwanonsa. Washegari ya dawo, aka tare shi. Ya sake dawowa, aka tare shi. Kullum sai ya zauna a benci a ƙasa har kunun ya huce ya yi fata.

Rasuwarta a waya ya gani, cikin sanarwar da ake turawa kowa, da hotonta na Makka. Ba wanda ya kira shi. A maƙabarta ya tsaya can nesa bayan wata bishiya, yana ganin waɗanda ba su san ko sukari nawa take sa wa shayi ba suna saka ta a kabari.

Ranar sadakar uku ya tashi ya jiƙa wake. Ya dafa shi da shinkafa da jan ganye yadda take so, ya soya yajin kifi har ya yi baƙi, ya dafa ƙwai ya jera a kai. Ya cika langar, ya hau jirgin ƙasa zuwa Abbey Wood da ita a cinya. Bai je ƙofar gaba ba, takalma sun cika ta. Ya zagaya baya wurin da ake ajiye shara ya kira Mufeeda.

Ta fito idonta a kumbure. Da ta ga kwanon sai ta toshe baki. Wannan karon da Hausa ta yi magana, irin tata mai karyewa.

"Yaya, kullum ta farka sai ta ce, kwanona ya dawo? Kwanona ya dawo? Baaba ya ce zafin ciwo ne, tana mutuwa tana tunanin kwanuka. Aunty Talatu har dariya ta yi, ta ce Awabu da son kaya."

Masawudu ya jingina da bango. Ya ce, "Kai shi ciki. Ki ce ya dawo."

Ta shiga da shi ta ajiye cikin kwanukan da mata suka kawo, aka juye a tire aka kai wa maza. Falo cike, ana ta Allah ya jiƙanta. Alhaji, da bai sa komai a bakinsa ba tun ranar rasuwa, aka matsa masa ya kai loma ɗaya. Ya tauna. Ya kai ta biyu. Sai hawaye suka zubo masa cikin gemu.

"Wa ya dafa wannan? Wallahi hannun Awabu ne. Kamar ta tashi ta shiga kicin."

Dattijon nan na masallaci ya ce shi ma abin da zai faɗa ke nan, shekara da shekaru yana cin wannan girki, ba mai iya shi sai marigayiya. Suka cinye tas, har da kankare gefen tire. Alhaji ya ce a kira matar da ta kawo ya sa mata albarka.

Talatu ce ta je dubawa, wa ya fi ta sanin kwanon kowa. Ta dawo da langar a hannu, ta tsaya a bakin falo. Juya kwanon kawai ta yi, ɗigo ukun suka kalli jama'a.

Alhaji ya kalli kwanon, ya kalli yatsunsa da ke da maiƙo. Waɗanda suke wurin sun ce bakinsa ya motsa, kamar yana maimaita wata tambaya da ya sha ji a asibiti. Taga tana nan a bayansa, da ya waiwaya da ya hango yaron a tsallaken titi wajen tashar bas, tsaye cikin yayyafi, hannunsa biyu wayam. Mufeeda ta ce, "Baaba, yana waje." Sai ya dubi liman, ya dubi dangin saurayin Mufeeda da suka zo gaisuwa, duk shi suke kallo.

"A wanke shi a mayar cikin 'yan'uwansa," in ji shi. "Malam, a yi addu'a."

Aka ɗaga hannu, aka roƙa wa Awabu rahama wurin Mai rahama, aka shafa da hannuwan da ba a ko wanke ba. Kwano ya shiga gida, an goge shi, yana nan cikin kabad har yau a jere da sauran. Bas ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, Masawudu yana tsaye yana kallon ƙofar. Ba a buɗe ba.